Me ya sa kowa ke jiran mai obo kafin a fara kiɗa?

Ɗan Zariya a Leipzig:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Daren jiya wani abokin karatuna Bajamushe ya ja ni zuwa Gewandhaus, babban zauren kiɗa na garin nan. Karo na farko ke nan da na zauna na ga okestra, wato babbar ƙungiyar makaɗa da mabusa, ido da ido, kuma abu biyu sun tsaya mini a rai. Na farko, kafin madugu, wato mai jagorantar kiɗan, ya fito, shugaban masu goge ya miƙe, wuri ya yi tsit, sai wani mutum can tsakiya mai riƙe da baƙar sanda siririya ya busa sauti guda, dogo, bai hau ba bai sauka ba. Nan take kowa ya shiga murɗa kayansa yana bin wannan sautin. Na biyu, kiɗan goge na Brahms, Bajamushe mai tsara kiɗa, aka yi. An gayyato wata gwanar goge, hotonta ne a jikin takarda, ita aka zo gani. Amma da aka shiga kashi na biyu sai ta sauke gogenta ta tsaya, mai baƙar sandar nan ya ɗauki waƙar, wajen minti biyu yana ja, ita tana saurare kamar mu. Tsigar jikina sai da ta tashi. Abokina ya ce sunan abin obo. To wa ya ba mai obo wannan girma? Ni a zatona shugaban masu goge ne babba.

Baba Mai Kilarinet:
Wa alaikumus salam ɗana. Ka yi tambaya mai kyau. Na shafe ƙuruciyata ina busa kilarinet a badujalar soja, abin da aka koya mana shi ne: mai goge yana da abin murɗawa, ya ɗaure tsirkiya ko ya sassauta. Ni mai kilarinet ina iya ɗan zaro wuyan kayana sauti ya sauka. Mai sarewa ma haka. Shi mai obo da zarar ya kafa ɗan karansa, wato siririn bakin da ake busawa ta cikinsa, kusan shi ke nan, in ya zaro shi da yawa sauran sautukan duk sun watse. Wanda ba ya iya matsawa, shi ake matsa wa wuri. Dalili ke nan.

Obo ta Biyu:
Baba, Allah ya ƙara lafiya, gaskiya ne abin da ka faɗa, amma ka ba ni dama in ƙara. Ina busa obo ta biyu a wata okestra ta masu sha'awa a nan arewacin Ingila, ranar Talata da daddare muke atisaye bayan kowa ya taso daga aiki. Mutane suna ɗauka sautin obo tsayayye ne kamar dutse. Wallahi ba haka ba ne. In ɗaki ya yi sanyi ya sauka, in na ɗan matse leɓe ya hau, in karan ya bushe ya zama wani abu dabam. Shi ya sa, ƙanena na Leipzig, da ka leƙa gaban mutumin nan da ka ga 'yar na'ura a kan abin ɗora takarda, allurarta yake kallo yayin da yake busa. Kusan duk masu obo na farko haka suke yi yanzu.

Abin da obo ta fi saura da shi kaifin murya ne. Muryarta siririya ce, tana da ɗan hanci-hanci, tana ratsa hayaniya. Mutum 80 na gwada kayansu a lokaci guda, na can baya wajen ganguna zai tsinto ta. Sa sarewa ta ba da wannan sautin, sai ya narke cikin saura.

Injiniyan Sauti:
Bari in shigo ta nan. Sautin da ya busa sunansa A, wasu su ce La. Ma'anarsa iska na girgiza sau 440 a sakan ɗaya. A wani taro a Landan a 1939 aka amince da wannan adadi, kafin nan kowace ƙasa da nata, Faransa ma a 1859 doka ta kafa a kan 435. Kuma har yau ba kowa ke bin 440 ba, manyan okestrocin Jamus da Ostiriya sukan ɗaga zuwa wajen 443, don haka wanda ka ji jiya ya ɗan fi na Landan tsayi. Amma Anti, kin ba ni makami da hannunki. In har shi ma na'ura yake kallo, me ya hana a jona na'urar da lasifika ta ba da sautin da kanta? Ni ina ganin al'ada ce kawai ta rage.

Obo ta Biyu:
Injiniya, mun taɓa gwadawa ranar da mai obo ta farko ba ta zo ba, ni kuma karana ya ƙi. Aka kunna na'ura. Masu goge suka daidaita, allura ta ce daidai, amma da muka fara kiɗa masu busa kowa ya kama gabansa. Sautin na'ura ba shi da numfashi, ba ya gaya maka yadda ɗaki yake a daren, ko kayan busa sun ɗumama ko ba su ɗumama ba. In mutum ne ya busa, kunnenka na ɗaukar launin muryarsa, kuma wannan muryar ce za ka yi ta jingina da ita har a tashi. Akwai inda obo ke sauka daga kujerar: in akwai piyano a kiɗan, daga piyano ake ɗaukar A, domin ita ba a murɗa ta a kan dandamali.

Injiniyan Sauti:
Na ji, amma ban gamsu duka ba. Gwaji ɗaya a dare ɗaya bai isa hujja ba, wataƙila rashin ta farkon ne ya rikita ku.

Obo ta Biyu:
Yana yiwuwa. In kuwa haka ne, ka ga matsayin nata ke nan.

Malamar Tarihi:
Injiniya bai yi kuskure ba da ya ce al'ada, sai dai al'adar tana da tushe. An ƙera obo a Faransa a tsakiyar ƙarni na 17, a fadar Sarki Louis na 14. Gidajen makaɗa biyu ake dangantawa da aikin, gidan Hotteterre da gidan Philidor. Sunanta na Faransanci, wanda ake furtawa obwa, ma'anarsa itace mai ɗaga murya. Ita ce kusan farkon abin busa da ya samu kujera ta dindindin kusa da masu goge. Kilarinet ɗin Baba sai wajen 1700 aka ƙera ta a Nuremberg, gidan Denner, kuma ba ta zauna daram a okestra ba sai ƙarshen ƙarni na 18. Ka duba simfonin farko-farko na Haydn da Mozart, wato dogayen kiɗan okestra da suka tsara, sau da yawa masu goge ne, da obo biyu, da ƙaho biyu, shi ke nan. Wanda kullum yana nan shi ake tambaya. Ko da saura suka iso, sun tarar da ita ta riga ta zama uwar ɗaki.

Kai kuma ɗan Zariya, ka yi sa'a ba ka sani ba. Wannan kiɗan na Brahms a garin da kake aka fara yin sa, ranar 1 ga Janairu 1879, a tsohon zauren Gewandhaus, Joseph Joachim ne ya ja gogen, Brahms da kansa yana madugu. Kuma abin da ya ba ka mamaki ya taɓa ɓata wa wani babban gwani rai. Ana ba da labari cewa Pablo de Sarasate, shahararren mai goge ɗan Sifen, ya ƙi kiɗan, yana ganin ba zai tsaya da goge a hannu yana sauraren obo tana rera waƙa mafi daɗi a kashin ba.

Ɗan Zariya a Leipzig:
Ikon Allah! Malama, ashe a kan tarihi na zauna. Ni kuwa tsayuwar da matar nan ta yi tana saurare ita ta fi burge ni. Ta ɗan sunkuyar da kai, da lokacinta ya yi ta shigo a hankali ta karɓi waƙar daga inda ya ajiye, ta yi ta yi mata ado.

Jikan Mai Algaita:
Salamu alaikum. Ina Damagaram ina karanta ku tun ɗazu. Na je na nemi bidiyon abin na kalla. Jama'a, wannan ai algaita ce aka sa wa makullan azurfa! Kakana algaita ya busa har ya tsufa, kawuna yana kai har yanzu. Ɗan kara mai baki biyu a sama, jiki siriri yana faɗi zuwa ƙasa, muryar ma da kama. Turawa sun ɗauki kayanmu sun yi masa kwalliya.

Malamar Tarihi:
Ɗan'uwa, dangantaka akwai, kuma ta kusa, amma kada mu ce daga wurinmu suka ɗauka. Dangi ne babba. Zurna a Turkiyya, gaita a Maroko da Aljeriya, shehnai a Indiya, suona a Sin, algaita a ƙasar Hausa da Barno, duk kara biyu ne ke kaɗawa a junansu. Sunan algaita kansa daga Larabcin Magrib ya zo mana. Turai ma tana da nata tun tsakiyar zamani, mai ƙarar gaske, a fili ake busa shi, a gaban sarakuna da kan hasumiyar gari. Daga wannan aka fitar da obo. Ka ce 'yan kaka ɗaya ne, kowa ya tashi a gidansu.

Jikan Mai Algaita:
To Malama, in 'yan kaka ɗaya ne, me ya sa tasu ke kuka a hankali, tamu kuwa in an busa a ƙofar fada ana ji har kasuwa?

Obo ta Biyu:
Yaya na Damagaram, wannan ce tambayar da na fi so a duk zaren nan. Ka gyara mini in na kauce. A algaita, mai busa yana zura karan gaba ɗaya cikin baki, leɓɓansa na jingine da ɗan faifan ƙarfen nan, karan na kaɗawa a sake cikin kogon baki, ba abin da ya taɓa shi. Shi ya sa take da ƙarfi haka. Abin da mutanen Faransa suka yi shi ne cire wannan majingina. Suka raba jikin gida uku, suka matse ramin ciki, suka sa makullai. Ni yanzu leɓɓana nake naɗewa a kan haƙora in riƙe bakin karan da su kai tsaye. Da leɓe nake rage murya har ta koma kamar raɗa, da leɓe nake ɗaga ta. An rasa ƙarfin fili, an samu damar zama cikin ɗaki tare da goge ba tare da an danne shi ba. Kowacce da aikin da aka yi ta dominsa. Ki kai obo hawan sallah, in ji wata ƙawata, ko dokin da ke kusa da ke ba zai ji ki ba, kuma gaskiya ta faɗa.

Jikan Mai Algaita:
Haka ne, karan duk a baki yake. Amma akwai abin da na tabbata ba ku iya ba. Kawuna yana busa ba ya yankewa, kumatu a kumbure, yana shaƙa ta hanci iska na fita ta baki. Tun yana yaro aka sa shi koyo da tsinke a cikin ƙwaryar ruwa, kumfa ba ta tsayawa.

Obo ta Biyu:
Ni dai ban iya ba, kuma ina girmama duk wanda ya iya. Amma akwai manyan masu obo da ke yi, irin su Heinz Holliger ɗan Suwizalan. Sai dai matsalarmu ta numfashi a juye take. Ramin da ke tsakanin karan biyu ƙanƙane ne ƙwarai, ko ƙwayar shinkafa ba za ta wuce ba. Iska kaɗan ke fita, da matsi mai yawa. Mai sarewa iskarsa ke ƙarewa, ni kuwa tawa ba ta ƙarewa, lalacewa take yi a ƙirji. Sai ka kai ƙarshen jimla huhu cike, amma jiki na neman sabuwar iska. Dole ka fara fitar da tsohuwar kafin ka shaƙi sabuwa, duk cikin rabin sakan. Farkon koyona sau biyu ina ganin duhu-duhu a idona. In ka ga fuskar mai obo ta yi ja, jijiyar wuya ta tashi, abin da ke faruwa ke nan.

Baba Mai Kilarinet:
'Yata, ki ba su labarin kara. Mu namu guda ɗaya ne, a kwali muke saye, mu ɗaura a baki. Ku kuwa na ga wahalarku da idona.

Obo ta Biyu:
Baba, nan ne rayuwar take. Yawancin ƙwararrun masu obo da hannunsu suke yin karansu. Wani irin gora ne mai kama da kyauro, wanda aka fi yabo daga yankin Var yake zuwa a kudancin Faransa. Ana tsaga shi, a kankare cikinsa har kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba, a jiƙa, a ninke shi biyu, a gyara gefe, a ɗaure shi da zare a kan wani ɗan bututun tagulla. Sai a yanke kan ninkin, ya zama baki biyu. Daga nan wuƙa. Teburin kicin ɗina daren Lahadi: fitila, ƙaramin kofin ruwa, dutsen wasa wuƙa, zare ɗaure a ƙafar tebur ina ja. Ina kankara kaɗan, in ɗaga shi ga fitila in ga inda haske ke ratsawa, in sa a baki in busa shi shi kaɗai. In ya yi wani kuka kamar na hankaka, alama ce mai kyau. Abin da wuƙa ke cirewa ƙura ce kawai, amma kankara ɗaya ta wuce wuri, aikin awa guda ya tafi kwandon shara. Cikin biyar in na samu biyu masu kyau na gode Allah. Mai kyan ma ba ya daɗewa, 'yan kwanaki na busa sosai ya gaji.

Abin da ya fi ciwo, karan da ya yi daɗi a gida yana iya ƙi a zaure. Ya taɓa faruwa da ni a wata majami'a mai sanyi da muka yi wasa a watan Disamba. Akwai wurin da ni da ta farko za mu shigo tare a hankali, ni a ƙasa. Sautukan ƙasa na obo su ne masu taurin kai, ba sa son fitowa a hankali. Madugu ya nuna mu, na busa, shiru. Sai iska. Ta farko ta tafi ita kaɗai, jimlar ta zama gurguwa. Ba wanda ya ce mini komai bayan an tashi, amma na yi kuka a mota. Tun ranar kara uku nake jiƙawa kafin kowane wasa.

Ɗan Zariya a Leipzig:
Sannu Anti, Allah ya ƙara basira. Yanzu na gane abin da na gani. Duk lokacin da ba ya busa, mutumin nan yana cire ɗan abu ya sa a baki, ko ya tsoma a wani ɗan kofi. Har wata 'yar takarda na ga yana zurawa ƙarƙashin makullai.

Obo ta Biyu:
Takardar naɗa taba ce, marar danƙo. Tururin numfashi yana taruwa ya zama ruwa a ƙananan ramuka, in ya toshe ɗaya sai sauti ya fito da gurgura. Da ita ake tsotse ruwan.

Malamar Tarihi:
Wuƙar nan da Anti ke magana har makarantu ta raba. Marcel Tabuteau Bafaranshe ne, ya yi karatu a Paris wurin Georges Gillet, ya ƙaura Amurka, ya riƙe kujerar obo ta farko a okestrar Philadelphia daga 1915 zuwa 1954, yana kuma koyarwa a makarantar Curtis. Ya sauya yadda ake kankare kara, ya tsawaita kankarar, murya ta ƙara duhu da taushi. Almajiransa suka cika manyan okestrocin Amurka, har yau wanda ya saba yana iya bambanta mai obo na Amurka da na Turai da kunne. Birnin Vienna kuma sun riƙe tasu obo dabam, mai wani ƙullutu a sama, ba su bi tsarin Faransa da sauran duniya ta bi ba.

Cikin almajiran Tabuteau akwai John de Lancie. A 1945 yana sojan Amurka a Jamus, yaƙi na ƙarewa, ya samu zuwa gidan mai tsara kiɗa Richard Strauss a Garmisch, tsoho ya kai shekara 80. Ya tambaye shi ko ya taɓa tunanin rubuta konceto na obo, wato kiɗan da mai obo ke tsayawa gaba okestra na mara masa baya. Strauss ya ce a'a, maganar ta mutu. Ashe ta shiga. Kafin shekara ta ƙare ya rubuta, aka fara yin sa a Zurich a watan Fabrairun 1946. Da aka zo yin sa a Amurka, de Lancie ya koma Philadelphia a ƙarƙashin malaminsa, kuma bisa tsari ƙarami ba ya tsallake na farko ya tsaya gaba. Wani ne dabam, Mitch Miller, ya busa shi a 1948. Shi de Lancie sai a 1954 ya gaji kujerar.

Obo ta Biyu:
Kuma farkon wannan kiɗan fiye da gaɓa 50 ne na rubutun kiɗa a jere kusan babu wurin numfashi. Yaya na Damagaram, a nan kawunka zai fi yawancinmu.

Injiniyan Sauti:
To ga inda nake son mu je. Na yarda obo na da wuya. Amma wuya dabam, shugabanci dabam. A sashen kayan busa na itace akwai sarewa biyu, obo biyu, kilarinet biyu, da basun biyu, wato dogon abin busa mai murya ƙasa. Sarewa ce ke sama da kowa a murya, ita kunne ke fara ji. Me zai sa a ce mai obo ne shugaban sashe? Kun san maganar nan ta kai kotu? A 2018 Elizabeth Rowe, mai sarewa ta farko a okestrar Boston, ta kai ƙara cewa ana biyan ta wajen kashi 75 cikin 100 na abin da ake biyan John Ferrillo, mai obo na farko, alhali kafaɗa da kafaɗa suke zaune. Okestra ta kare kanta da cewa obo ta fi wuya kuma masu ita sun fi ƙaranci. Shi Ferrillo da kansa ya yabe ta, ya ce tsararsa ce a aiki. An sasanta a 2019 ba a bayyana sharuɗɗa ba. Ni ina bayan matar.

Baba Mai Kilarinet:
Ni ma ina bayanta, Injiniya. Aiki ɗaya, lada ɗaya. Amma ƙarancin masu obo gaskiya ne, a zamaninmu sai ka samu masu kilarinet goma ba ka samu mai obo ɗaya ba.

Obo ta Biyu:
A kan albashi ba ni da ja, ina tare da ku, kuma a matsayina na mace abin ya taɓa ni. A kan shugabanci kuwa, ku bar ni in faɗi yadda zaman yake. Layin gaba sarewa da obo, na farkonsu biyu suna tsakiya gefe da gefe. Bayansu kilarinet da basun, su ma na farkonsu a tsakiya. Mutum huɗun nan kamar murhu ne mai duwatsu, kowa na jin numfashin kowa. Ba wanda aka naɗa wa rawani. Amma in sauti ya fara karkacewa a tsakiyar kiɗa, kunnuwa wurin obo suke komawa, saboda muryarta ba ta ɓuya. Sarewa da kilarinet suna iya lafewa cikin taro, su gyara ba a ji ba. Kuskuren obo kuwa har na kujerar ƙarshe sai ya ji. Wannan ne ya sa ake bin ta, kuma wannan ne nauyin da ke hana mai ita barci.

Mu na biyu kuma ba a maganarmu. Aikina in shige cikin muryar ta farko har a ɗauka mutum ɗaya ne mai murya biyu. In ta ɗan hau, ni ma in hau, ko da na san allura ba ta yarda ba, domin gara mu karkata tare da mu rabu. Ina kallon kafaɗarta ta gefen ido, tana ɗagawa na san za ta shaƙa. A ƙananan okestroci ta biyu ce kuma ke ɗaukar babbar yayar obo, kor angile, mai ƙasa kamar ƙwai, wadda ke rera sanannen kashi na biyu na simfoni na 9 na Dvořák. Sai ka yi zaune kayan na sanyi a cinya, lokaci ɗaya a ce tashi ka rera waƙar da duk zaure ya zo ji.

Injiniyan Sauti:
Wannan bayanin ya fi shiga kaina. Na janye rabin maganata. Rabin da ya rage: har yanzu ina ganin da tarihi ya juya, da wani ne ke ba da A.

Malamar Tarihi:
Ban musa ba.

Jikan Mai Algaita:
Baƙin itacen nan fa, fenti ne ko haka yake?

Obo ta Biyu:
Haka Allah ya yi shi, kuma daga nahiyarmu yake. Masu Suwahili suna ce masa mpingo, yawancin wanda ake ƙera obo da kilarinet da shi daga Tanzaniya da Mozambik ake sarowa. Yana da nauyi har yana nutsewa a ruwa, kuma bishiyar na shekaru masu yawa kafin ta isa sara. Tun 2017 ma cinikinsa tsakanin ƙasashe ya shiga ƙarƙashin yarjejeniyar kare itatuwa da dabbobi masu fuskantar ƙarewa. Daga can a kai shi gidajen ƙira irin su Lorée na Paris, wanda aka kafa a 1881, ko Howarth na Landan. Sabuwa ta ƙwararru takan kai dala 10,000. Abin da ke damuna, kaɗan ne daga wannan kuɗin ke komawa ƙauyukan da bishiyar ta fito. Kuma duk taurinsa yana tsagewa. In itacen ya yi sanyi ka hura masa numfashi mai ɗumi, ciki ya buɗe waje bai buɗe ba, sai gaɓar sama ta tsage tsakanin ramuka. Shi ya sa za ka ga mai obo ya sa gaɓar sama a hammata kafin ya fara. Shekarar da na je gida da hunturu ban yarda na tafi da tawa ba, ta roba na ara.

Baba Mai Kilarinet:
Kin yi dabara. Hunturun arewa ya tsaga mini kilarinet, ina ji ina gani, ƙarar tsagewar har yau tana kunnena.

Malamar Tarihi:
Ɗan Zariya, ga wani abu na garinku. Yusef Lateef, Ba'amurke Musulmi mai kiɗan jaz, yana cikin 'yan kaɗan da suka shigar da obo cikin jaz. Daga 1981 zuwa 1985 ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello, a cibiyar nazarin al'adun Najeriya, yana bincike a kan kayan busa na ƙasar nan, musamman sarewar Fulani. Mutumin da ya san obo a yatsunsa ya zo Samaru ya zauna yana koyo wurin masu busan gargajiya. Ya rasu a 2013.

Ɗan Zariya a Leipzig:
Malama, a Samaru aka haife ni ban taɓa jin wannan ba. Na gode ƙwarai. Na duba, akwai tikitin ɗalibai mai rahusa, zan koma wata mai zuwa. Anti, a ina zan zauna?

Obo ta Biyu:
In akwai kujeru a bayan makaɗa ko a gefensu, nemi can, ka bar na gaba. Daga nan za ka ga layin masu busa da kyau. Ka zo da wuri. Wajen minti 20 kafin a fara za ka ga mai obo ya riga kowa zama, ya buɗe ɗan akwati kamar na tabarau, yana gwada kara ɗaya bayan ɗaya. Ka lura da wanda ya zaɓa, ka lura ko ya canza shi bayan hutun rabin lokaci. Sannan ka ɗan ɗauke ido daga na farko ka kalli na kusa da shi.

Jikan Mai Algaita:
Anti, gobe in sha Allah zan je wurin kawu in nuna masa bidiyon. Shi ma da hannunsa yake yin karansa, a cikin wani ɗan gwangwani yake ajiye su, ba ya bari yaro ya taɓa. Me kike so in tambayar miki?

Obo ta Biyu:
Allah ya saka da alheri, Yaya. Ka gaishe shi da kyau, ka ce 'yarsa ce daga nesa. Ka tambayar mini da wane irin kara yake yi, a ina yake samo shi, da wane lokaci na shekara ake yanka. Yana jiƙa shi a ruwa ne ko a baki kawai? Kwana nawa ɗaya ke yi masa? Kuma in hunturu ya shigo karan ya bushe ya buɗe baki, yaya yake yi da shi? In ya yarda, ka ɗauko mini hoton guda ɗaya kusa-kusa, ka ɗaga shi ga haske.